Wai duk lambobin da ke ƙirjin Admiral a fagen daga ya samo su?

Tambayar da aka yi ita ce, wani bawan Allah ya ga hoton wani babban hafsan sojan ruwa mai muƙamin Admiral ranar da ake masa faretin sallama, ƙirjinsa na hagu cike da 'yan kyallaye masu launi-launi, layi bakwai ko takwas, shine yake son sanin wai duk a yaƙi ya samo su? Kuma shin wanda ya fi yawan lamba shi ya fi jarumta?

To ɗan'uwa amsar kai tsaye ita ce a'a. Na daɗe a kan teburin da takardun neman lambar yabo ke bi, wasu da hannuna na rubuta su, na ga waɗanda suka wuce na ga waɗanda aka dawo da su, kuma abin da zan gaya maka shine ƙirjin babban hafsa fayil ɗinsa ne aka ɗinka masa a riga. Wanda ya iya karatunsa zai gaya maka inda mutumin ya je, wace shekara yake cikin kaki, wane irin jirgi ya riƙe, ya taɓa zama ƙaramin soja ko daga makarantar hafsoshi ya fito, duk ba tare da ya buɗe baki ba. Wanda bai iya ba sai dai ya ƙirga, ƙirgen kuma ba ya gaya maka komai sai tsawon shekaru.

Bari mu fara da su 'yan kyallayen. Kusan kowace minda ta ƙarfe tana rataye ne da zirin kyalle mai launinta na musamman, to tunda ba za a yi ta yawo da ƙarfuna suna kacau-kacau a wajen aiki ba, sai a yanko ɗan guntun kyallen a jera a saman aljihun hagu, shine ribin. Asalin mindar sai ranar babban biki ake fito da ita. Jerin kuma yana da doka, ba yadda mutum ya ga dama yake liƙawa ba, wadda ta fi daraja ita ce a layin sama ta ɓangaren da ya fi kusa da tsakiyar ƙirji, daga nan a yi ta gangarowa. Na sha ganin hafsa da rula a hannu da daddare yana auna tazarar ribin da bakin aljihu saboda gobe akwai fareti, don in ka juya guda biyu kawai akwai tsohon sajan ɗin da zai hango daga nesa. A sojan ruwan Amurka uku-uku ake jerawa a layi, kuma doka ta ba mutum zaɓi ko ya sa duka ko ya sa manya ukun farko kawai, shi ya sa wani lokacin za ka ga Admiral mai anini huɗu da layi ɗaya tak, ba wai ba shi da su ba ne.

Zan fi kawo misali da Amurka don su ne suka fi kowa cika ƙirji, kuma tsarinsu a rubuce yake kowa na iya dubawa. Ɗauki yaro da ya fito daga makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis, a ce a shekarar 1992. Kafin ƙafarsa ta taka jirgi yana da ribin guda, National Defense Service Medal, wadda ake ba duk wanda ke cikin kaki a lokacin da ƙasa ke cikin yaƙi, ko da a ofis yake zaune. An ƙirƙiro ta a 1953, an bayar da ita lokacin yaƙin Koriya, da Biyetnam, da yaƙin Gulf daga 1990 zuwa 1995, sannan daga 11 ga Satumba 2001 har zuwa ƙarshen Disamba 2022. Ka ga wannan shekarun aikinsa kawai take nunawa. Jirginsu ya fita teku ya yi kwana 90 a jere bai dawo gida ba, ga ribin zaman teku ta shigo. Jirgin ya zo na ɗaya a gwajin shirin yaƙi a cikin rukuninsa, kowa a jirgin daga kyaftin har mai wanke-wanke ya samu ribin mai harafin E. An tura su yankin da ake wani farmaki, ga mindar wannan farmakin. Waɗanda suka yi yaƙin 'yanto Kuwait a 1991 ma har minda biyu suka samu daga waje, ɗaya daga Saudiyya ɗaya daga Kuwait ɗin kanta. Aikin Majalisar Ɗinkin Duniya da mindarsa, na NATO da tasa. Kafin yaron nan ya kai shekara goma a aiki ya tara layi uku ko huɗu, kuma mai yiwuwa ko harsashi ɗaya ba a taɓa harbo masa ba.

Sai kashi na biyu, wanda shi ne ya fi cika layukan sama na yawancin Admiral-Admiral ɗin da kake gani yanzu, wato lambobin kyakkyawan aiki. Al'adar ita ce duk lokacin da hafsa ya gama zama a wani muƙami, shekara biyu ko uku, in bai yi ɓarna ba kuma ya taɓuka abin a zo a gani, oga zai rubuta masa lamba ta sallama. Girman lambar kuma yana tafiya ne da girman kujerar. Ƙaramin laftanar zai samu Achievement Medal, in ya zama shugaban sashe a jirgi sai Commendation Medal, in ya kai kwamanda ya riƙe jirgi nasa na kansa sai Meritorious Service Medal wadda aka fara a 1969, kyaftin mai riƙe da babbar runduna ko sabon Admiral sai Legion of Merit ta 1942, can ƙoli masu anini uku da huɗu su ne ke samun Distinguished Service Medal. In a hedkwatar haɗin gwiwa ya yi aikin, inda sojan ƙasa da na sama da na ruwa ke zaune tare, akwai takwarorinsu masu kalmar Defense ko Joint Service a gaba. Ba doka ce ta ce dole wannan muƙami ya samu wannan lamba ba, amma duk wanda ya zauna a ofishin ya san haka abin ke tafiya, in ka rubuta wa laftanar Legion of Merit takardar ba za ta wuce tebur na biyu ba.

Nan ne 'yan taurarin nan ƙanana da ke kan ribin suke shigowa. Ba a sa ribin iri ɗaya sau biyu, in an sake ba ka sai a liƙa ɗan tauraron zinare a kai. Tauraro ɗaya na nufin sau biyu kenan, biyu sau uku, in sun kai biyar sai a cire su a sa na azurfa guda ɗaya. Saboda haka in ka ga Legion of Merit da tauraron azurfa, sau shida aka ba shi, ma'ana ya riƙe manyan kujeru kusan shida ya sauka lafiya. Sojan ƙasa da na sama su ganyen itacen oak suke sawa maimakon tauraro.

Ni dai ba na cikin masu raina irin waɗannan lambobin, kuma raina yana ɓaci in na ji ana cewa ai na zaman ofis ne. Mutumin da aka damƙa masa jirgi da rayuka 300 a ciki, ga makamai ga mai ga injin da ba ya hutawa, ya yi wata shida ko bakwai a teku yana ratsa mashigai masu cunkoso da tsakar dare, ya dawo da kowa gida da ƙafarsa, jirgin bai yi karo ba bai hau yashi ba, wallahi ya yi aiki. Teku ba ta san ana zaman lafiya ba. Sai dai a kira abu da sunansa, wannan lambar iya riƙon amana ce, ta jarumta daban take.

Ta jarumta kuwa kaɗan ce ƙwarai, kuma ita ce in ka gan ta a saman layi za ka ga tsofaffin sojoji sun gyara tsayuwa. A Amurka ta ƙoli ita ce Medal of Honor, ta sojan ruwa ce ma aka fara kafawa a Disamba 1861, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shine da farko ta ƙananan sojoji ce kawai, hafsoshin ruwa ba su samu damar karɓarta ba sai 1915. Mai bi mata ita ce Navy Cross da aka kafa a 1919, a 1942 aka mayar da ita ta fagen daga zalla. Sai Silver Star. Bronze Star kuma ta 1944 tana da fuska biyu, nan ne mutane ke ruɗewa, ana iya ba ka ita don kyakkyawan aiki a yankin yaƙi, ana iya ba ka don jarumta, bambancin ɗan ƙaramin harafin V ne da ake liƙawa a kan ribin. Purple Heart ita ba a rubuta maka ita don ka burge oga, sai abokan gaba sun ji maka rauni ko sun kashe ka.

In kana son ganin ƙirjin da yaƙi ya cika da gaske, duba Eugene Fluckey, kwamandan jirgin ƙarƙashin teku USS Barb a yaƙin duniya na biyu, wanda ya yi ritaya yana Riya Admiral. Medal of Honor ɗaya, Navy Cross huɗu. A Janairun 1945 ya kutsa da jirginsa cikin wata tashar ruwa marar zurfi a gaɓar China inda jiragen Japan suka fake, wurin da in an gano shi babu zurfin da zai nutse ya ɓuya, ya harba ya juyo a guje a saman ruwa. A watan Yuli na wannan shekarar kuma ya sauke mutum takwas a gaɓar tsibirin Sakhalin da daddare suka dasa nakiya a layin dogo suka tarwatsa jirgin ƙasa. Amma abin da aka san shi da alfahari da shi shine babu ko mutum ɗaya a cikin yaransa da ya samu Purple Heart a ƙarƙashinsa, wato duk wannan kasadar bai bari an zubar da jinin ko ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa riƙe mutane ya san nauyin wannan maganar. Ko James Stockdale, matuƙin jirgin saman sojan ruwa da aka harbo a Biyetnam a 1965, ya zauna a kurkuku har 1973, ya raunata kansa da gangan don kada a fito da shi gaban kyamara a yi farfaganda da shi, aka ba shi Medal of Honor a 1976, ya kai Vice Admiral.

To amma ga Chester Nimitz, wanda ya jagoranci dukkan rundunar ruwan Amurka a tekun Fasifik, ya kai anini biyar a Disamba 1944, shi ya sa hannu a madadin Amurka a takardar miƙa wuyan Japan a kan jirgin USS Missouri ranar 2 ga Satumba 1945. Manyan lambobinsa na jagoranci ne, Distinguished Service Medal. Wadda ya samu don jefa ransa cikin haɗari da jikinsa ita ce wata mindar azurfa ta ceton rai, tun 1912 yana matashin laftanar, da ya faɗa ruwa ya ceto wani sojansa da igiyar ruwa ta ja. Kuma shi ɗin nan a 1908 an gurfanar da shi gaban kotun soja don ya ɗora jirginsa USS Decatur a kan yashi a Filifin. Shi ne kuma da hannunsa ya liƙa wa Doris Miller Navy Cross a watan Mayun 1942, baƙar fata mai aikin ɗakin cin abinci a jirgin USS West Virginia, wanda ranar da Japan ta kai hari sansanin jiragen ruwan Amurka na Pearl Harbor ya taimaka aka janye kyaftin ɗinsa da ya ji rauni sannan ya kama bindigar harbo jirgin sama da ba a taɓa koya masa ba. To tsakanin Nimitz da Miller wa ya fi wani? Tambayar ma ba ta zauna ba, kowanne da irin abin da aka auna shi da shi.

Akwai kuma dalilin da ya sa Admiral na wannan zamanin da wuya ka gan shi da lambar jarumta. Tun bayan 1945 manyan yaƙe-yaƙen jirgi da jirgi sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma jarumtar gaba da gaba aikin matasa ne, in mutum zai same ta yana laftanar ko kwamanda zai same ta. Lokacin da ya kai Admiral yana ɗakin taswira ne da waya a hannu. Shi ya sa waɗanda za ka gani da Silver Star ko Bronze Star mai V yawanci matuƙa jirgin sama ne ko 'yan kundumbalar nan na SEAL ko waɗanda aka tura aiki a tudu.

Ingila kuma hannunsu a matse yake. Admiral ɗin Ingila da ya yi shekara 35 yana iya tsayawa kusa da na Amurka, shi layi biyu wancan layi takwas, kuma ba wanda ya fi wani aiki, su dai ba sa ba da lamba duk ƙarshen muƙami, kuma ba sa ba da ta gama kwas. Babbarsu Victoria Cross, an kafa ta a 1856, kuma aikin farko da aka ba da ita a kansa na sojan ruwa ne. Charles Lucas, yaro ɗan shekara 20 a jirgin HMS Hecla a tekun Baltic, Yunin 1854, bam ya faɗo kan jirgin yana hayaƙi bai fashe ba, aka yi ihu kowa ya kwanta, shi kuwa ya ruga ya sunkuce shi ya wurga teku, ya fashe kafin ya taɓa ruwa. Nan take aka ƙara masa girma, ya ƙare yana Riya Admiral. Har zuwa 1918 ma ribin Victoria Cross na sojan ruwa shuɗi ne, na sojan ƙasa ja, daga baya aka haɗe su. Su in an sake ba ka lamba ɗan ƙarfe ake gittawa a kan kyallen mindar. Kyaftin Frederic Walker, wanda ya fi kowa nutsar da jiragen ƙarƙashin tekun Jamus a Atlantika, DSO, wato lambar fitaccen aiki a fagen yaƙi, sau huɗu ya samu, mutumin da kafin yaƙi an tsallake shi a ƙarin girma an ɗauka tasa ta ƙare. Bai kai Admiral ba, aiki ya cinye shi ya rasu a Yulin 1944 yana da shekara 48. Wani abu da ni nake ganin sun yi daidai shine gyaran 1993, kafin nan jarumta iri ɗaya hafsa ya samu lamba mai siffar gicciye, wato kuros, ƙaramin soja ya samu minda ta daban mai ƙarancin daraja, sai aka soke wannan bambancin.

Abin da manyan hafsoshinsu ke samu idan sun kai sama shine shiga Order of the Bath, wadda ta samo asali tun 1725, matakinta uku CB da KCB da GCB, daga KCB ne ake fara kiran mutum Sir. Sandy Woodward da ya jagoranci jiragen Ingila a yaƙin tsibiran Falklands da Ajantina a 1982 KCB aka ba shi a wannan shekarar. Irin waɗannan ba ribin kaɗai ba ne, akwai babban tauraro da ake liƙawa a ƙasan ƙirji. Admiral Nelson na Ingila yana sanye da irinsu guda huɗu ɗinkakku a rigarsa ranar yaƙin Trafalgar, 21 ga Oktoba 1805, ɗaya ma daga Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta fito, yana zagaye a saman jirginsa HMS Victory a fili kowa na ganinsa, wani maharbi daga jirgin Faransa Redoutable ya same shi a kafaɗar hagu. Rigar tana nan a gidan tarihin harkokin teku na Greenwich da hujin harsashin a jiki.

Daga wannan al'adar ta Ingila ce aka gaji jera haruffa bayan suna, kuma su ma sai an tantance. A Indiya za ka ga PVSM da AVSM bayan sunan kusan kowane babban Admiral, waɗannan na fitaccen aiki ne a lokacin zaman lafiya, amma MVC wato Maha Vir Chakra ta yaƙi ce, irin wadda aka ba Kyaftin Mahendra Nath Mulla bayan rasuwarsa, wanda ya nutse tare da jirginsa INS Khukri a Disamba 1971. A Najeriya FSS da MSS da DSS da GSS matakai ne na tsawon shekarun aiki ba tare da tabo ba, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, su kuma ƙananan haruffa irin psc da fdc da mni ba minda ba ne sam, shaidar kwas ce, sun nuna makarantun manyan hafsoshi da mutum ya halarta. CFR da makamantanta kuma lambar girma ce ta ƙasa wadda farar hula ma ke samu. To ka ga suna ɗaya na iya jan haruffa goma, a ciki babu ko ɗaya ta fagen daga, kuma wannan ba aibi ba ne.

Kada ka ɗauka su masu kakin wasa suke ɗaukar abin nan. Admiral Jeremy Boorda shi ne mutum na farko a Amurka da ya taso daga ƙaramin soja, ya shiga a 1956, har ya zama shugaban rundunar sojan ruwa baki ɗaya a 1994, kuma ƙananan sojoji suna matuƙar ƙaunarsa. Aka fara tambaya kan 'yan harafin V guda biyu da ya taɓa sawa a kan ribin biyu na zamanin Biyetnam, ko takardunsa sun ba shi izinin sawa, alhali ma ya riga ya cire su tun kafin nan. Ranar 16 ga Mayu 1996, ranar da 'yan jaridar Newsweek za su zo yi masa tambayoyi a kai, ya ɗauki ransa. Daga baya Admiral Zumwalt da ya shugabanci sojan ruwa a Biyetnam ya ce ya cancanci sawa, hukumar da ke duba fayil kuma ta ce takardun ba su nuna haka ba. Ƙarfen da bai kai ƙwayar wake ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, kuma shi ya sa ban taɓa yarda in sa hannu a kan lambar da ban ga takardarta da idona ba.

Takardar nan ita ce komai, kuma nan ne inda tsarin yake da rauni, gara in faɗa maka gaskiya. Lamba ba ta zuwa da kanta, sai wani ya gani, ya zauna ya rubuta, ya samo shaidu, ya tura a kan lokaci, sannan ta bi teburi uku ko huɗu kowanne yana da ikon rage mata daraja. Akwai wata da har yau take ci mini rai. Wuta ta tashi a ɗakin injin wani jirgi da tsakar dare, wani ƙaramin soja ya koma cikin hayaƙin da rarrafe ya lalubo bawul ɗin mai ya rufe, fatar tafin hannunsa ta saɓule a jikin ƙarfen, in ba don shi ba Allah kaɗai ya san inda wutar za ta tsaya. Hafsan sashensa mutumin kirki ne amma bai iya rubutu irin na lamba ba, ya rubuta layi biyar cewa yaron ya nuna ƙwazo wajen kashe gobara, kuma sai bayan wata da watanni ya turo. Na mayar masa da ita sau biyu ina roƙonsa ya faɗi zafin wurin, ya faɗi cewa yaron ya riga ya fita ya sake komawa da kansa, ya haɗo da rahoton likita. Kafin ta dawo shaidu biyu an yi musu canjin wurin aiki. Abin da ya fito a ƙarshe takardar yabo ce kawai. A wannan shekarar kwamandan jirgin ya gama wa'adinsa ya samu lambarsa ta sallama, wadda ta fi ta yaron nesa ba kusa ba, kuma shi ma ba cin haram ya yi ba, ya cancanci tasa. Haka abin yake, babba yana da ma'aikatan da aikinsu kenan su rubuta, ƙarami sai wanda Allah ya haɗa shi da shi. Wani lokacin ma ƙasa guda ce ke makara, waɗanda suka yi rakiyar jiragen kaya zuwa Rasha ta tekun ƙanƙara a yaƙin duniya na biyu sai 2013 Ingila ta fara ba su Arctic Star, lokacin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Shi ya sa ni in na samu hoto irin wanda ka gani, bayan na duba ukun farko na sama don in san ko akwai ta jarumta, sai in gangara ƙasa, can ne labarin yake. In ka ga Admiral ɗin Amurka da ribin Good Conduct, to ka san ya taɓa zama ƙaramin soja, don hafsoshi ba sa samunta, ta masu igiya ce, kuma za ka ga irin waɗannan ba sa yarda su cire ta ko da ƙirjin ya cika. In ka ga Combat Action Ribbon, an yi musayar wuta da shi ko da jirgin da yake ciki. In ribin zaman teku tana ɗauke da taurari da yawa, mutumin ruwa ne na gaske, iyalinsa sun sha zaman jira. In kuma lambobin Defense sun fi yawa, ya fi daɗewa a hedkwata. Sannan ka ɗaga ido sama da ribin ɗin gaba ɗaya, akwai bajo na ƙarfe da ba minda ba ne amma masu aikin sun fi kallonsa: kifayen dolfin biyu na masu jirgin ƙarƙashin teku, fukafukai na matuƙa jirgin sama, mashi mai baki uku na SEAL, jirgi da takubba biyu na masu jiragen da ke tafiya a kan ruwa. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin bajo mai tauraro a cikin da'ira, na wanda ya taɓa riƙe kwamandan jirgi a teku, yana dama in yana kan kujerar, in ya sauka ya koma hagu. Na san manya da yawa da in ka ce su zaɓi abu ɗaya a rigar su bar sauran, wannan ɗan bajon za su ɗauka.

In kana son tabbatar da wata lamba ta wani hafsa takamaimai, nemi takardar bayanin da aka karanta ranar da aka ba shi, ita ce ke faɗin rana da wuri da abin da ya yi. Na Ingila ana buga sunayen a jaridar gwamnati ta London Gazette, manyan na Amurka kuma bayanansu a buɗe suke. Hoton da ka gani kuma in ka samu wanda ya fi fitowa sosai, ka fara gano ƙasar da rundunar tukuna kafin ka fassara launi, don ja da fari a ƙirjin Ba'amurke daban yake da ja da fari a ƙirjin Ba'indiye.